Sauya Faifan Laftof Zuwa SSD: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wanda Zai Dace da Kwamfutarka

Babu wani gyara da ke farfaɗo da tsohuwar laftof kamar cire faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, a maye gurbinsa da SSD. Aikin kansa bai cika wahala ba. Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen saye, domin SSD kala-kala ne, kuma guda biyu suna iya yin kama da juna ƙwarai a ido alhali ɗaya zai yi aiki a kwamfutar mutum ɗayan kuwa ko ganinsa ba za ta yi ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun fi karkata ne ga wannan matsala ta dacewa.

Mene ne ainihin abin da ake samu idan an yi wannan sauyi?

HDD yana da faranti da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a cikin laftof, da kuma ɗan hannu mai allura da ke kai da komo yana neman inda aka rubuta bayani. Duk lokacin da kwamfuta ta nemi wani fayil, sai an jira hannun ya isa wurin, farantin kuma ya juyo da shi, abin da ke cin fiye da kashi goma cikin dubu na sakan. SSD ba shi da wani abu mai motsi, yana ajiye bayanai ne a cikin ƙwayoyin lantarki, kuma yana kaiwa ga abin da aka nema cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Tun da tashin Windows da buɗe manhajoji sun ƙunshi karanta dubban ƙananan fayiloli a warwatse, wannan gajeren jira shi ne sirrin saurin da ake gani, fiye da manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali. Ƙari a kan haka, SSD ba ya ƙara, kuma ya fi jure girgiza da faɗuwa, abin da ke da muhimmanci ga na'urar da kullum take cikin jaka.

Shin kowace laftof tana karɓar SSD?

A'a. Mafi yawan waɗanda aka ƙera daga wajejen 2007 zuwa yau suna karɓa ta wata hanya, amma akwai rukuni biyu da ba su cikin lissafi. Na farko su ne tsofaffi sosai masu amfani da mahaɗar IDE, wadda ake kuma kira PATA, mai layi biyu na sirarun ƙafafu 44, kuma SSD na yau ba ya shiga wannan mahaɗa sai da wata na'urar tsakani. Na biyu su ne waɗanda aka narka ma'ajiyarsu a jikin babban allon kwamfuta tun daga masana'anta. Wannan ya haɗa da ƙananan laftof masu sauƙin kuɗi da Chromebook da dama waɗanda ke amfani da eMMC, wato ɗan guntun ajiya mai araha, mai gigabait 32 ko 64, da kuma wasu sirara masu tsada. Wasu masu eMMC ɗin suna da gurbin M.2 da aka bari fanko a ciki, saboda haka bai kamata a yanke ƙauna ba kafin a bincika.

Siffofi nawa ne SSD na laftof yake da su?

Uku ne ake yawan cin karo da su. Akwai wanda ake kira mai inci 2.5, wanda siffarsa da mahaɗarsa ta SATA daidai suke da na HDD ɗin laftof, don haka ana cire wancan a saka wannan a wuri guda. Abin lura a nan shi ne kauri: kusan duk SSD na wannan siffa kaurinsu milimita 7 ne, tsofaffin HDD da yawa kuwa milimita 9.5 ne. Siriri yana shiga gurbin kakkaura, sai dai a wasu kwamfutocin yana iya yin lilo, shi ya sa wasu kamfanoni suke haɗawa da ɗan firam na roba da ake manna masa don cike tazarar.

Akwai mSATA, ɗan ƙaramin kati da ya yi tashe a laftof na tsakanin 2011 da 2014 ko kusa da haka. Bakinsa iri ɗaya ne da na katin Wi-Fi na wancan zamani, kuma yana shiga mahaɗar katin tsaf, amma wayoyin da ke bayan gurbin daban ne, don haka ba zai yi aiki a can ba sai idan kamfanin ya bayyana cewa gurbin yana ɗaukar mSATA. Na uku shi ne M.2, siririn kati dogo da ya mamaye kusan duk laftof na yanzu, kuma a kansa ne mafi yawan ruɗani yake.

Na ga gurbin M.2 a kwamfutata. Ashe ba kowane SSD na M.2 zan iya saya ba?

Ba kowane ba. M.2 sunan siffa ne da mahaɗa kawai, bai faɗi hanyar da faifan ke magana da kwamfuta ba. Akwai katin M.2 da ke amfani da tsohuwar hanyar SATA, wanda saurinsa bai wuce na mai inci 2.5 ba, wato kimanin megabait 550 a sakan. Akwai kuma wanda ke bi ta layukan PCIe da tsarin NVMe, wanda ke ninka wancan sau da yawa. Gurbin da ke cikin laftof yana iya zama na SATA kaɗai, ko na NVMe kaɗai, ko mai karɓar duka biyun, ya danganta da yadda kamfanin ya ja wayoyinsa. Laftof da yawa na farkon zamanin M.2 SATA kaɗai suke ɗauka, yayin da sababbi da yawa sun daina ɗaukar SATA a wannan gurbi gaba ɗaya.

Giɓin da ke bakin katin yana ba da alama, kodayake ba hujja ce cikakkiya ba. Idan aka dubi gefen da ke da haƙoran zinariya, katin NVMe yawanci giɓi ɗaya ne da shi, wanda ake kira M, mai barin haƙora biyar a gefe guda. Katin SATA yawanci giɓi biyu gare shi, B da M. Shi kuma gurbin yana da ɗan tudu ɗaya da ke shiga giɓin. Kati mai giɓi biyu yana shiga gurbin B da na M duka, kuma nan ne tarkon yake: katin SATA zai zauna daram a cikin gurbin M wanda NVMe kaɗai yake ganewa, a ɗaure noti, a kunna kwamfuta, ta nuna kamar ba a saka komai ba. Haka kuma akwai 'yan katunan NVMe masu amfani da layi biyu na PCIe waɗanda su ma giɓi biyu ne da su, don haka ƙidayar giɓi kaɗai ba ta isa a san abin da ke hannu ba, dole a karanta abin da ke rubuce a jikin takardar da aka manna masa. Shigar kati cikin gurbi abu ɗaya ne, aikinsa kuma wani abu ne daban, kamar mabuɗin da ya shiga kwaɗo amma ya ƙi juyawa.

Ƙaramin gurbin M.2 da katin Wi-Fi ke zaune a ciki yana da giɓi irin nasa, A ko E, kuma ba a yi shi domin faifan ajiya ba.

Me lambobi irin su 2280 da 2242 suke nufi?

Awo ne. Lambobi biyun farko faɗin kati ne a milimita, sauran kuma tsawonsa. Saboda haka 2280 yana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, kuma shi ne mafi yawa a kasuwa. Akwai 2230, 2242 da 2260, sai 22110 da ba a cika gani a laftof ba. Wasu na'urorin Microsoft Surface da wasu sirarun Dell suna amfani da 2230, wasu Lenovo kuma 2242. Dogon kati ba zai shiga gajeren wuri ba ko da mahaɗar ta dace. Gajere a dogon wuri yana aiki, amma sai an sami ramin noti a daidai tsawonsa ko an ƙara masa ɗan ƙarfen da ke tsawaita shi.

Akwai kuma batun kauri da mutane kan manta. Wasu katunan, musamman masu girman terabait 2 zuwa sama, suna da ƙwayoyin ajiya a fuskoki biyu. Sirarun laftof da yawa sun bar wurin mai fuska ɗaya ne kawai, kuma tilasta wa mai fuska biyu zama a can yana lanƙwasa shi idan an ɗaure noti. Katin da ya zo da ƙarfen sanyaya a bayansa an yi shi ne domin kwamfutar tebur ko na'urar wasa, murfin laftof ba zai rufu a kansa ba.

To ta yaya zan tabbatar da irin wanda kwamfutata ke ɗauka?

Hanya mafi inganci ita ce littafin gyara na kamfanin da ya ƙera ta. Dell, HP da Lenovo suna saka irin waɗannan littattafai kyauta a shafukansu na intanet, kuma a ciki akwai jerin faifan da kowane gurbi ke ɗauka da hotunan yadda ake buɗe na'urar. Ana nema ne da cikakkiyar lambar samfuri ko lambar sabis da ke ƙarƙashin kwamfutar, domin sunan jerin kaɗai, kamar Inspiron 15 ko Pavilion 14, ya ƙunshi samfura masu yawa na shekaru daban-daban da ciki daban-daban.

Hanya ta biyu ita ce a tambayi kwamfutar kanta. A cikin Task Manager, ƙarƙashin sashen Performance, Windows yana nuna lambar samfurin faifan da ke ciki da kuma ko HDD ne ko SSD. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana ƙara nuna hanyar da faifan ke amfani da ita da saurin mahaɗar. Iyakar wannan hanya ita ce ba ta nuna gurbin da ke fanko.

Hanya ta uku ita ce a buɗe murfin a duba da ido, kuma a ganina duk wanda zai iya yin wannan kafin saye ya yi shi. Dalili kuwa shi ne samfuri ɗaya yana iya fitowa a zubi biyu: mai babban batir wanda ya cinye wurin faifai mai inci 2.5, da mai ƙaramin batir wanda ya bar wurin. A wasu kuma wurin yana nan amma babu siririyar wayar SATA da firam ɗin da ke riƙe faifan, sai an saye su daban, kuma kowane samfuri da irin tasa wayar.

Idan na saka SSD mai sauri a tsohuwar mahaɗa, zai lalace ko zai ƙi aiki?

Ba zai lalace ba, zai sauko ne zuwa saurin mahaɗar. SATA III tana ɗaukar gigabit 6 a sakan, SATA II gigabit 3, kuma sabon faifai yana aiki a duka biyun, sai dai a SATA II ba zai kai megabait 300 a sakan ba. Haka abin yake a PCIe: zubi na 3 mai layi huɗu yana kaiwa kimanin megabait 3,500 a sakan, zubi na 4 kimanin 7,000, zubi na 5 kuma ninkin haka, kuma katin sabon zubi yana aiki a gurbin tsohon zubi da saurin gurbin. Wanda kwamfutarsa ke da PCIe 3.0 ba ya buƙatar biyan kuɗin kati mafi sauri, domin ba zai ga ƙarin ba. Gaskiya ma, ga mai rubutu da lissafi da bincike a intanet, tazarar da ke tsakanin HDD da SSD na SATA babba ce da kowa zai ji a jikinsa, tazarar da ke tsakanin SATA da NVMe kuwa sai mai kwafar manyan fayiloli ko mai gyaran bidiyo ne ke lura da ita sosai.

Akwai iyakar girman da laftof za ta iya ɗauka?

Idan takardar kamfani ta ce "har zuwa gigabait 512", galibi tana nufin mafi girman faifan da suka gwada ko suka sayar da na'urar da shi a lokacin, kuma mafi girma daga wannan yakan yi aiki. Iyakar da ke da tushe ita ce ta tsarin raba faifai. Tsohon tsarin MBR ba ya amfani da abin da ya wuce terabait 2, sabon tsarin GPT kuwa ba shi da wannan matsala, amma Windows ba ya tashi daga faifan GPT sai kwamfutar tana amfani da UEFI, wato sabon tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, wanda ya maye gurbin tsohon BIOS. Tashi daga faifan NVMe shi ma yana buƙatar UEFI mai gane NVMe. Wanda laftof ɗinsa ke da tsohon BIOS zalla ya tsaya a SATA da terabait 2 ko ƙasa.

Wanne ya fi: kwafe tsohon faifai dungurungum, ko girka Windows sabo?

Kowanne yana da wurinsa. Kwafewa dungurungum tana ɗauke komai, da Windows da manhajoji da saituna da fayiloli, ta mayar da su kan sabon faifai yadda suke. Ana buƙatar hanyar haɗa sabon faifan da kwamfutar ta USB yayin aikin, wato wayar SATA zuwa USB ga mai inci 2.5, ko ɗan akwatin M.2, kuma a nan ma sai an kula, domin akwatunan suna da na SATA, da na NVMe, da masu ɗaukar duka biyun. Samsung yana da manhajar kwafewa ta kansa, wasu kamfanonin suna ba da Acronis ga masu faifansu, sannan akwai Clonezilla wadda kyauta ce amma tana son mai haƙurin karanta abin da ke kan allo. Ba dole ne sabon faifai ya kai tsohon girma ba, muddin bayanan da ke ciki za su shiga da sauran fili. Dole a kwafe dukkan sassan faifan, har da ƙaramin sashen tashi na EFI da sashen farfaɗowa, domin kwafe sashen C kaɗai yana ba da faifan da ke ɗauke da Windows amma ba ya tashi.

Girka sabo ya fi dacewa idan tsohon Windows ya cika da tarkace, ko ana zargin ƙwayar cuta, ko kuma tsohon faifan ya fara lalacewa, domin kwafewa daga faifai mai ɓatattun wurare takan tsaya a tsakiya ko ta kwaso fayiloli masu lahani. Abin da ake buƙata shi ne filash mai aƙalla gigabait 8 da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft. Ko wace hanya aka zaɓa, a fara ajiye muhimman fayiloli a wani wuri na uku, saboda kuskure ɗaya wajen zaɓar wane faifai ne tushe wane ne maƙura yana shafe komai.

Lasisin Windows zai ɓace? Ina kuma batun BitLocker?

Lasisin Windows 10 da 11 a laftof yana ɗaure ne da babban allon kwamfuta, don haka sauya faifai ba ya taɓa shi. Da zarar an hau intanet zai kunna kansa, muddin an girka bugun da aka saya, wato Home a madadin Home, Pro a madadin Pro. Wasu manhajoji masu lasisi daban suna iya neman a sake kunna su.

BitLocker, wato tsarin Windows na ɓoye bayanan faifai, shi ne ya fi cancantar a yi hattara da shi, domin laftof da yawa suna zuwa da ɓoye bayanai a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Mabuɗin ɓoyewar yana tare da guntun tsaro na kwamfutar da ake kira TPM, kuma idan aka cire faifan aka haɗa shi ta USB, ko aka taɓa wasu saituna na UEFI, za a nemi mabuɗin farfaɗowa mai lambobi 48. Wannan mabuɗi yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko wajen sashen kula da kwamfutoci idan ta wurin aiki ce. A nemo shi a rubuta kafin a kwance noti ko ɗaya, kuma ya fi sauƙi a kashe ɓoyewar kafin kwafewa a sake kunna ta bayan an gama.

Na saka sabon SSD amma kwamfutar ba ta gan shi ba. Me ya faru?

A fara duba cikin UEFI ko BIOS. Idan sunan faifan bai bayyana a can ba, matsalar ta jiki ce: ko katin bai shiga gurbi har ƙarshe ba, ko siririyar wayar SATA ta saki, ko kuma an saka SATA a gurbin NVMe ko akasin haka. A wasu kwamfutocin gurbin M.2 da na inci 2.5 suna raba layin SATA ɗaya, don haka amfani da ɗaya yana kashe ɗayan.

Idan UEFI ya gan shi amma bai fito cikin jerin faifai a Windows ba, babu abin damuwa, sabon faifai ne da ba a raba ba, sai a shiga Disk Management a fara shi da GPT a ba shi harafi. Idan kuma manhajar girka Windows ce ta ce babu faifai, musamman a laftof masu furosesan Intel daga zubi na 11 zuwa sama, sababin yawanci fasahar Intel ce ta sarrafa faifai da ake kira VMD, kuma maganinta shi ne a sauko da direban Intel RST daga shafin kamfanin laftof ɗin a loda shi daga filash yayin girkawa, ko a kashe VMD a cikin UEFI kafin a fara. Sauya wannan saiti, ko sauya yanayin sarrafa faifai daga RAID zuwa AHCI, bayan an riga an girka Windows yana iya hana shi tashi. Windows 7 kuwa bai zo da direban NVMe ba tun asali, sai an ƙara masa.

Bayan kwafewa, ya fi kyau a yi tashin farko da sabon faifan shi kaɗai a ciki, domin faifai biyu masu shaida iri ɗaya suna rikita tsarin tashi.

Me ya kamata a kiyaye yayin buɗe kwamfutar?

A kashe ta gaba ɗaya, a cire caja, a cire batir idan mai fita ne, idan na ciki ne kuma a zare mahaɗarsa da zarar an ɗaga murfi. A taɓa wani ƙarfe kafin a taɓa allon domin sauke cajin da ke jiki. Notukan murfi sau da yawa tsawonsu ya bambanta, kuma dogon noti a gajeren rami yana huda abin da ke sama, don haka a jera su yadda aka ciro su. Katin M.2 yana shiga ne a karkace, sannan a danne shi a hankali a ɗaure da ɗan ƙaramin notinsa, wanda ba ya zuwa tare da SSD ɗin. Idan kwamfutar tana da katin Intel Optane da aka haɗa da HDD don ƙara masa sauri, wajibi ne a raba su ta cikin manhajar Intel kafin a cire ko ɗaya. Wanda garantinsa bai ƙare ba ya karanta sharuɗɗansa tukuna.

Zan iya ci gaba da amfani da tsohon faifan?

Ƙwarai. Idan laftof ɗin tana da gurbi biyu, Windows ya koma kan SSD, HDD kuma ya zama ma'ajiyar hotuna da bidiyo. Idan tana da na'urar DVD da ba a amfani da ita, akwai firam da ke maye gurbinta ya ɗauki faifai mai inci 2.5, kuma ana samunsa a kaurin milimita 9.5 ko 12.7, sai a auna kafin saye. SSD ɗin ya zauna a babban gurbi, domin mahaɗar DVD a wasu na'urorin ba ta kai saurin babbar ba. In ba haka ba, akwatin USB zai mai da tsohon faifan ma'ajiyar waje.

Yaya batun MacBook?

MacBook Pro marasa allon Retina, har zuwa samfurin tsakiyar 2012, suna ɗaukar SATA mai inci 2.5 kamar laftof da yawa. MacBook Air na 2013 zuwa 2017 da MacBook Pro Retina na ƙarshen 2013 zuwa 2015 suna da kati mai fita amma da mahaɗar Apple ta musamman, wadda ba M.2 ba ce, don haka sai katin da aka ƙera musu ko na'urar tsakani, tare da macOS High Sierra ko sama da shi idan NVMe ne. Duk MacBook masu furosesan M1 da na bayansa ma'ajiyarsu a narke take a jikin allo.

Gaskiya ne SSD yana ƙarewa da yawan rubutu?

Gaskiya ne kowace ƙwayar ajiya tana da adadin rubutun da za ta ɗauka, kuma kamfanoni suna bayyana shi da ma'aunin TBW, wato jimillar terabait da za a iya rubutawa. Samsung 870 EVO mai terabait 1, alal misali, an ba shi TBW 600 da garantin shekara 5. Mai rubuta gigabait 30 kullum yana rubuta kimanin terabait 11 ne a shekara, wato laftof ɗin za ta tsufa tun kafin a je ko rabin wannan adadi.

Abin da ya fi shafar mai saye shi ne irin ƙwayoyin. TLC yana ajiye bit 3 a kowace ƙwaya, QLC bit 4, kuma QLC ya fi araha amma juriyarsa ta fi ƙasa, saurin rubutunsa kuma yana faɗuwa sosai idan aka daɗe ana kwafar babban fayil. SSD na SATA marar guntun DRAM, wato 'yar ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da ke cikin faifan, yakan yi nauyi idan aiki ya yi yawa, alhali na NVMe marar DRAM yana aron ɗan kaɗan daga RAM na kwamfuta ya rufe wannan giɓi. Ga faifan da Windows zai zauna a kai, na fi ba da shawarar TLC daga sanannen kamfani. Ya kamata kuma a san cewa HDD yakan yi gargaɗi da ƙara da jinkiri kafin ya mutu, SSD kuwa yana iya ɗaukewa farat ɗaya, kuma dawo da bayanai daga cikinsa ya fi wuya.

Akwai wani saiti da ake yi bayan an gama?

Kaɗan ne. Windows tun daga na 7 yana aika wa SSD umarnin TRIM, wanda ke sanar da shi wuraren da aka goge domin ya share su tun kafin a buƙace su, kuma manhajar Optimize Drives tana gane SSD ta yi masa abin da ya dace, saboda haka a bar ta a kunne, a guji manhajojin waje masu tattara fayiloli wuri guda. A bar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na faifan fanko. Idan faifan terabait 1 ya nuna gigabait 931, ko na 512 ya nuna kimanin 476, ba zamba ba ce: kamfani yana lissafi da 1,000, Windows kuma da 1,024. Idan bayan kwafewa zuwa faifai mafi girma aka ga fili bai ƙaru ba, sauran yana nan ba a raba shi ba, sai a faɗaɗa sashen C ya cinye shi.

Yaya ake gane SSD na jabu ko wanda aka riga aka more?

CrystalDiskInfo yana nuna awannin da faifai ya yi a kunne, da jimillar abin da aka rubuta masa, da kason lafiyar da ya rage, kuma sabo ya kamata ya nuna kusan sifili a biyun farko. Jabun da ke ƙaryar girma ana kama shi da manhajar H2testw, wadda ke cika faifan da bayanai ta sake karanta su. Manhajar kamfanin da sunansa ke jikin faifan, kamar Samsung Magician, ita ma tana taimakawa wajen tantance na asali. A yi waɗannan gwaje-gwaje kafin a zuba masa wani abu mai muhimmanci.

Akwai lokacin da sauyin ba zai magance nauyin kwamfuta ba?

Akwai. Task Manager ne alƙali a nan: idan faifai ne ke tsaye a kashi 100 cikin ɗari yayin da kwamfutar ke jan ƙafa, SSD zai warware matsalar. Idan RAM ne ya cika, kamar yadda yakan faru da gigabait 4 da shafukan intanet masu yawa a buɗe, SSD zai rage raɗaɗin amma ƙarin RAM ne magani, kuma tun da za a buɗe murfin, yin su tare ya fi sauƙi. Idan furosesa ne ke cike ko yake rage gudu saboda zafi, sai a share ƙurar fanka a sauya man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya. SSD kuma ba ya sa kwamfuta ta cancanci Windows 11, wanda ke buƙatar TPM 2.0 da UEFI da furosesa daga jerin da Microsoft ya amince da su. Tun da tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, mai tsohuwar laftof da ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba zai iya girka Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, a kan sabon SSD ɗin, kuma dukansu suna gane SATA da NVMe ba tare da ƙarin direba ba.